Yadda ake sarrafa danshin baki domin farin ciko ya kama haƙori

Tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta buƙaci ƙasashe su rage amfani da cikon amalgam, wato cikon haƙori mai launin azurfa, saboda sinadarin makuri (zaiba) da ke cikinsa, ake ta komawa ga farin ciko mai launin haƙori, wanda ma'aikata ke kira kwamfozit. Amalgam ana danna shi ne cikin kogon haƙori ya zauna saboda siffar ramin, shi kuwa farin ciko sai da gam, kuma a wurin da ba ya rabuwa da jiƙa, domin bakin babban mutum yakan samar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a kullum. Wannan bayani na ɗalibai ne da mataimakan likitan haƙori, ko da yake wanda za a yi wa cikon ma zai fahimci dalilin da ya sa ake hana shi rufe baki.

Kafin a taɓa kwalbar gam, ya kamata mai aiki ya san cewa abubuwa biyu mabambanta yake son ya manna wa ciko. Ɓawon waje, wato inamel, kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adini ne, saboda haka bushewa yake so, kamar yadda mai faci yake kankare tsohon tub ya busar da shi kafin ya shafa gam. Michael Buonocore ne ya nuna a 1955, a birnin Rochesta na Amurka, cewa idan aka shafa wa inamel asid ɗin fosforik yakan yi ƙananan ramuka da gam zai shiga ya riƙe. Abu na biyu kuwa, wato dentin, sashen haƙorin da ke ƙarƙashin inamel, rayayye ne: kusan kashi 70 ma'adini, kashi 20 zaren furotin da ake kira kolajin da makamantansa, kashi 10 ruwa, kuma cike yake da siraran bututu masu ɗauke da ruwa daga tsakiyar haƙori, waɗanda yawansu yake kaiwa wajen 45,000 a kowace murabba'in milimita idan an kusanci jijiya. Ke nan ramin da ya yi zurfi da kansa yake tsatsafo da ruwa, ko da ba ɗigon yawu ɗaya a wurin.

Matakin farko shi ne keɓe haƙorin. Abin da ya fi inganci shi ne shimfiɗar roba da ake hudawa a fito da haƙorin ta cikinta, a maƙale ta da ɗan ƙarfe, dabarar da Sanford Barnum ya fito da ita a Niyok tun 1864. Tana tare yawu, tana kawar da harshe da kunci, kuma tana rage tururin numfashi, wanda ya fi yawa a wajen turamen baya. Masu aiki da yawa suna ganin saka ta ɓata lokaci ne, alhali mintunan da take ci ba su kai na sake ciko bayan wata shida ba. Idan babu ita, sai a yi amfani da naɗaɗɗiyar auduga da bututun zuƙar yawu, a sa auduga ɗaya a kunci daura da turmin sama na biyu inda wata hanyar yawu take buɗewa, wata kuma a ƙarƙashin harshe idan haƙorin ƙasa ake yi, a riƙa canza su tun ba su jiƙe sharkaf ba. Idan ramin ya gangara bakin dasashi, wajibi ne a tsayar da jini tukuna, da zaren da ake cusawa tsakanin dasashi da haƙori ko da maganin tsayar da jini, sannan a wanke maganin sosai, domin ragowarsa ma yana hana gam kamawa. Yana da kyau a fesa iskar na'ura a kan madubin baki kafin a fara. Idan ta bar gumi ko maiƙo, to kwamfuresa, wato injin da ke turo iskar, ita ce za ta ɓata aikin.

Daga nan sai asid, mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37, wanda ake bari daƙiƙa 15 zuwa 30 a kan inamel, amma kada ya wuce daƙiƙa 15 a kan dentin, sannan a wanke shi da ruwa sosai. A nan ne aka fi yin kuskure. Asid yana narkar da ma'adinin saman dentin ya bar zaren kolajin tsirara, kuma ruwa ne yake riƙe da zaren nan a buɗe kamar soson wanka da ya sha ruwa. Idan aka hura iska da ƙarfi har wurin ya bushe ƙayau, zaren sai ya kwanta ya manne da juna, gam ya rasa hanyar shiga, a rasa gaurayayyen sashen nan na gam da kolajin wanda Nobuo Nakabayashi na Japan ya bayyana a 1982, alhali shi ne ginshiƙin riƙon. John Kanca ne ya nuna a 1992 cewa dentin mai ɗan danshi ya fi busasshe kama gam. To amma idan ruwan ya yi yawa har ya kwanta a kusurwar rami, yakan tsinka gam ya bar ƙananan ƙuraje na ruwa a ƙarƙashin ciko, daga baya mai haƙori ya dawo yana cewa ruwan sanyi yana tsira masa. Magini ya san wannan ma'auni, domin yakan yayyafa wa bulo ruwa kafin filasta, amma ba ya yaɓa siminti a bangon da ruwa ke zuba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauke ruwan da ɗan ƙullin auduga mai laima maimakon iska, har saman dentin ya rage yana ɗan sheƙi ba tare da ruwa yana motsi a kansa ba.

Wajen shafa gam, a duba abin da aka narkar da shi a ciki. Mai asiton ya fi kowanne ƙin busasshen dentin kuma yana saurin tashi, don haka a rufe kwalbar nan take, musamman a lokacin zafi. Mai itanol ko ruwa ya fi haƙuri da kuskure. A goga shi a jikin dentin na tsawon lokacin da kamfanin ya rubuta, galibi wajen daƙiƙa 20, sannan a hura iska a hankali har sai ya daina rawa a ƙarƙashin iskar, alamar cewa ruwa da sauran abin narkarwar sun fita, kafin a haska shuɗiyar fitilar da ke daskarar da shi. Akwai kuma gam mai ɗauke da nasa asid, wanda ba a wankewa, kuma ya rage wannan fargaba ta yawan danshi ko ƙarancinsa, sai dai riƙonsa a kan inamel ya fi ƙarfi idan an fara shafa wa inamel ɗin kaɗai asid ɗin fosforik.

Idan yawu ya taɓa wurin a tsakiyar aiki, busarwa kaɗai ba ta isa ba. Yawu kusan kashi 99 ruwa ne, amma ɗan furotin da ke cikinsa yana liƙewa a kan inamel cikin daƙiƙoƙi ya toshe ramukan da asid ya buɗe, jini kuwa ya fi shi muni. Sai a wanke, a sake sa asid na ɗan gajeren lokaci, a maimaita gam daga farko.

Wani lokaci haƙorin ba zai keɓu ba, kamar a bakin yaro mai kuka ko ramin da ya nutse ƙarƙashin dasashi, kuma a nan dagewa kan farin ciko ganganci ne. Simintin gilas ayonoma, wanda Alan Wilson da Brian Kent suka gabatar a Ingila a farkon shekarun 1970, yana haɗuwa da ma'adinin haƙori kai tsaye kuma yana jure ɗan danshi, shi ya sa aka gina hanyar ciko da kayan hannu kawai a kansa, wadda Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980 domin wuraren da ba wutar lantarki. Shi ma dai ba ya son yawu a mintunan farko na daskarewa, saboda haka da zarar an danna shi da yatsa sai a rufe samansa da man Vaseline, a kuma gaya wa mai haƙorin kada ya ci komai har awa ɗaya ta wuce.