Yadda ake gina ɗan tseren dogon zango a Katsina, daga gudun ratsa daji zuwa fanfalaki

Yawancin yaran Katsina masu baiwar gudu, gaggawa ce ke kashe musu gaba. Yaro ya ci tseren makaranta, an ce masa ya dage, sai ya riƙa fita kullum yana gudu iya ƙarfinsa, wani lokaci ma da rana tsaka. Kafin wata uku ƙwauri ya kama ciwo, jiki ya zube, ya haƙura. Ɗan tseren dogon zango kuwa shekaru ake ɗauka ana gina shi, kuma tubalin farko shi ne gudun ratsa daji, wanda a makaranta ake kira kuros-kantiri. Ta nan manyan suka bi. Paul Tergat na Kenya ya lashe gasar duniya ta ratsa daji sau biyar a jere, daga 1995 zuwa 1999, kafin ya koma gudun fanfalaki. Eliud Kipchoge ya ci ta matasa a 2003, a shekarar kuma ya zama zakaran duniya a mita 5,000, amma bai shiga fanfalaki ba sai 2013.

A fara da sanin abin da muke da shi. Iten, inda 'yan Kenya ke atisaye, tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, inda ƙarancin iska ke sa jiki ƙara jini. Katsina ba ta wuce kusan mita 500 ba, don haka wannan garaɓasar ba tamu ba ce. Shi ya sa a Najeriya 'yan Filato, musamman na yankin Pankshin, suka fi fice. Amma muna da rairayi da hanyoyin burji da na gona, masu ƙarfafa ƙafa ba tare da dukan gaɓoɓi irin na kwalta ba. Kashi uku cikin huɗu na gudunka ya kasance a kan ƙasa. Sai dai rairayi mai zurfi yana jan agara, saboda haka sau ɗaya a mako ya isa, minti 15 zuwa 20. Kada a yi gudu ba takalmi a gona bayan girbi, ƙarangiya da tsidau ba sa raga wa kowa. Kuma a halin tsaro na yanzu, kada a nausa bayan gari a kaɗaice. A fita rukuni, a hanyar da mutane ke bi.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, a gama kafin ƙarfe takwas. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, don haka gudun yamma sai dab da magariba, kuma mai sauƙi. Da hunturu sanyin safiya na da daɗin gudu, amma ranar da hazo ya yi kauri a rage, domin ƙura na tayar da tari da asma.

Ga tsarin mako ga matashi ɗan shekara 16 zuwa 18 da ya riga ya yi shekara guda yana gudu, jimilla kilomita 40 zuwa 50. Litinin da Laraba da Lahadi sassarfa ce ta minti 30 zuwa 45. Ma'auninta: idan ba za ka iya hira da abokin gudunka ba sai da haki, ka yi sauri da yawa. Wannan sassarfar da yara ke rainawa ita ce ke faɗaɗa zuciya da hanyoyin jini, kuma ita ce mafi yawan aikin zakarun duniya. Talata a je fili mai da'irar mita 400, a ɗumama jiki na minti 15, sannan a zaga sau takwas, ana hutun minti ɗaya da rabi tsakani. Dukkan zagayen su zo da lokaci kusan ɗaya. Wanda ya yi na farko a daƙiƙa 68 ya ƙare na takwas a 85 ya ɓata atisayen. Da ya riƙe 76 tun daga farko da ya fi amfana. Alhamis a yi minti ɗaya da sauri, minti ɗaya a hankali, sau 12, a kan hanyar ƙasa mai hawa da gangara. Wannan ne ya fi kama da ainihin tseren ratsa daji, inda ƙasa ke tilasta maka sauya taki. Asabar dogon gudu ne, minti 70 zuwa 80 a natse. Juma'a hutu cikakke.

Kada ƙarin nisa ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, kuma kowane mako na huɗu a rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Dalili shi ne huhu da zuciya suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa suna baya da watanni. Daga nan ciwon ƙwauri ke fitowa. Idan ciwon ya bazu a tsawon ƙwaurin, a rage gudu a koma ƙasa mai laushi. Idan kuwa wuri ɗaya ne da za ka iya nunawa da yatsa, kuma yana zafi ko a tafiya, wataƙila ƙashi ne ya fara tsagewa. A daina gudu, a je asibiti. A kan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya warke. Masu dannewa da maganin ciwo su ci gaba su ne ke rasa shekara guda.

Batun ruwa: ka hau sikeli kafin gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta zufa, sai ka mayar da lita ɗaya da rabi cikin sa'o'i masu zuwa. Bayan dogon gudu a bazara, a lita ɗaya ta ruwa a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri, tsayawar zufa ko ruɗewar magana alamun bugun zafi ne: a kai mutum inuwa, a kwarara masa ruwa, a garzaya asibiti.

Abincinmu ya wadatar. Dabino uku ko ɗan koko kafin fita, fura da nono ko ƙosai da kunun gyaɗa cikin sa'a guda bayan dawowa, tuwo da wake da rana da dare. Abin da ya fi kayar da 'yan gudu a nan ƙarancin jini ne, musamman 'yan mata da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba. Idan lokutanka suna lalacewa ba dalili, a auna jini, a ƙara hanta da zogale, a kwana cikin gidan sauro. Bayan zazzaɓi a ba jiki mako guda kafin gudu mai ƙarfi. Da azumi a rage nisa zuwa kusan rabi, a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Sifan Hassan, 'yar tseren ƙasar Holland, ta yi shirin gasar fanfalaki ta Landan ta 2023 cikin azumi, ta kuma lashe ta.

Takalmi kan mutu bayan kilomita 600 zuwa 800. In na gwanjo za ka saya, danna tsakiyar tafinsa. Idan ya taurare ko diddigen ya cinye gefe guda, bar shi. A bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin.

Matakan gasa kuwa a bi su daki-daki. A gasar duniya ta ratsa daji 'yan ƙasa da shekara 20 na yin kilomita 8 maza, 6 mata, manya kuma 10. Daga nan sai mita 5,000, zagaye goma sha biyu da rabi, da mita 10,000, zagaye 25, ta hanyar wakiltar jiha a gasar wasanni ta ƙasa da gasannin AFN, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Najeriya. Sannan tseren titi irin na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo. Fanfalaki mai kilomita 42.195, irin na Legas da aka fara a 2016, a bar shi sai an haura shekara 20 kuma an jure kilomita 100 a mako ba rauni. Kuɗin da ake sa wa a gasar na ruɗar yara su shiga da wuri, su ƙone ƙafafunsu.

Abu biyu kan rushe duk wannan aiki a rana ɗaya. Na farko ƙwaya: tiramadol na cikin haramtattun magunguna a lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma duk abin da aka samu a fitsarinka kai ke da alhaki, ko da wani ne ya ba ka. Duk maganin da za ka sha, nuna wa likita ka faɗa masa kai ɗan wasa ne. Na biyu rage shekaru. Ranar haihuwar da ke takardar haihuwa, da ta lambar NIN, da ta fasfo su zama ɗaya tun yaro na makaranta, domin saɓaninsu kaɗai ya isa a cire shi daga gasar matasa bayan ya riga ya cancanta.