Yadda ake kawo mata 'yar Filifin Amurka da bizar aure

Idan kana zaune a Amurka da takardar ɗan ƙasa ko girin kad, kuma wadda kake son kawowa 'yar Filifin ce, ko a Dubai kuka haɗu ko a Jidda tana aikin nas ko ma ta waya abin ya soma, to dan Allah ka ajiye maganar cike fom tukuna, ku zauna kai da ita ku binciki takardun aurenku na baya. A nan ne mutane suke makalewa shekara da shekaru, kuma yawanci sai bayan sun zuba kuɗi suke ganewa. Ina magana da namiji ne saboda sauƙi, amma idan ke ce a Amurka mijin ne ɗan Filifin duk hanyar ɗaya ce.

Ga dalili. Filifin ba ta da saki a dokarta ta gama-gari, ita da Batikan ne kaɗai a duniya haka. Mace za ta ce maka sun rabu da mijinta shekara goma, kuma gaskiya ta faɗa, ba ta ma san inda yake ba, amma a rajistar gwamnati har yau matarsa ce, in ka aure ta a haka auren banza ne a wurin Amurka. Sai ta je kotu an soke auren, shari'a ce mai cin kuɗi da lokaci, sannan a rubuta hukuncin a gefen takardar aurenta ta hukumar PSA, wato hukumar ƙididdiga da ke riƙe da rajistar haihuwa da aure. Idan tsohon mijin ɗan wata ƙasa ne kuma an yi saki a waje, akwai sashe na 26 na dokar iyali da ya ba da dama kotun Filifin ta amince da sakin. Musulmi kuwa suna da tasu dokar tun 1977, PD 1083, wadda ta yarda da saki ta kotunan Shari'a, amma wannan ya shafi auren da aka ɗaura bisa Musulunci ne, kar wani ya ce mata ta musulunta yau gobe ta karɓo takardar saki ta kashe auren coci, ma'aikatan ofishin jakadanci sun san wannan dabarar sarai. Takarda ɗaya ce ke raba gardama, CENOMAR, shaidar cewa babu wani aure a kan sunanta. Ta nema daga PSA tun kafin a sa rana.

Yanzu kai. Wannan ita ce maganar da mutanenmu ba sa son ji amma dole a faɗa. Amurka ba ta san mata biyu ba. Idan kana da uwargida a Kano ko Maraɗi kuma auren yana nan, ba za ka iya kawo ta biyu da bizar aure ba, ko da a masallaci kawai aka ɗaura na farkon babu rajista, domin aure ne a dokar inda aka ɗaura shi. Idan kun rabu to sai ka kawo shaida a rubuce, kuma ranar sakin ta riga ranar sabon auren. Sakin baki a gaban waliyyi ya wadatar a addini, amma jami'in da ke duba fayil takarda yake so, ka je kotun Shari'a ta ba ka tabbaci da hatimi, a fassara ta da Turanci in da Hausa ko Larabci aka rubuta. Kar ka ɓoye auren baya, sunan 'ya'yanka da tsofaffin fom ɗin da ka cike lokacin da kai ma kake neman takardu duk suna wurinsu, ƙarya ɗaya tana iya rufe mata ƙofa har abada.

In wannan ya kammala sai ɗaurin aure. A Filifin ana neman lasisin aure a ofishin rajista na garin da take, su liƙa sanarwa kwana 10 kafin su bayar, lasisin yana aiki kwana 120, saboda haka hutun sati ɗaya ba zai ishe ka ba. Kai baƙo za a nemi shaidar cewa ba ka da abin da zai hana ka aure. Idan ba ta kai 21 ba sai da izinin iyaye a rubuce, daga 21 zuwa 25 shawararsu ake nema. In kuma a wata ƙasa kuka yi aure, ta kai rahoto ofishin jakadancin Filifin da ke kula da wurin don ya shiga rajistar PSA. Wasu suna yin auren bidiyo na jihar Utah, yana aiki, amma hukumar shige da fice ba za ta ƙirga shi ba sai kun haɗu ido da ido bayan ɗaurawa kun zauna a matsayin miji da mata, a ajiye tikiti da hotunan wannan tafiyar.

Akwai masu tambaya ko bizar baiko K-1 ta fi. Ɗan ƙasa kawai ke iya nemanta, kuma sai an yi aure cikin kwana 90 da shigowa sannan a sake biyan kuɗi mai yawa a nemi girin kad, ta zauna wata da watanni ba aiki. Ni a ganina bizar aure ta fi kwanciyar hankali, tana sauka a filin jirgi ta zama mai izinin zama, tana iya kama aiki.

Toh yanzu fom. Kai ne za ka cike I-130, fom ɗin neman kawo matarka, ka tura wa USCIS, wato hukumar shige da fice ta Amurka, ita kuma ta cike I-130A na bayanan kanta. Tun Afrilun 2024 kuɗin dala 625 ne ta intanet, 675 ta takarda, amma ka leƙa shafinsu ranar da za ka biya don farashi yana canzawa. Ka haɗa da shaidar zamanka ɗan ƙasa ko girin kad, takardar aure, takardun mutuwar duk auren baya na ku biyun, sai hujjar cewa auren gaske ne. Wannan hujjar kar ka tara hotuna ɗari biyu na rana ɗaya da kaya iri ɗaya. Hoto da mahaifiyarta a gidansu, tambarin shiga Manila a fasfonka, rasit na kuɗin da kake tura mata, hira kaɗan daga kowane wata don a ga abin ya daɗe, sunanta a inshorarka, waɗannan sun fi nauyi. Idan tana da yara kuma kun yi aure kafin yaro ya cika 18, kai ɗan ƙasa sai ka cike wa kowane yaro nasa I-130 daban, ba sa bin na uwa. Mai girin kad kuwa matarsa tana rukunin F2A ne, akwai layi, kowane wata ana fitar da jadawalin biza sai ya duba ko an iso kansa. Daga nan sai jira, kuma jiran yakan wuce shekara, kira da imel ba sa ƙara masa gudu.

Lokacin jiran nan ne ya kamata ta gyara takardunta, kuma abin da ke ɓata lokaci ƙananan abubuwa ne. Ta karɓo takardar haihuwa ta PSA ta sa kusa da fasfo ta karanta harafi harafi. A Filifin sunan tsakiya sunan gidan mahaifiya ne, in mace ta yi aure kuma yakan sauya, sannan za ka ga a wata takarda an rubuta Ma. a wata kuma Maria, ko magatakardan ƙauye ya sa e inda ya kamata ya sa i tun ranar haihuwa. Ƙaramin kuskure ofishin rajista na gari yana gyarawa, babba sai kotu. Idan an makara wajen yi mata rajistar haihuwa, abin da ke yawan faruwa a karkara, ta tanadi takardun makaranta da na baftisma ko wata tsohuwar shaida. Sai takardar NBI, hukumar binciken laifuka ta Filifin, shaidar ba ta da laifi, ta tabbata an rubuta duk sunayen da ta taɓa amfani da su, na budurci da na aure, kuma shekara ɗaya take aiki don haka kar a yi gaggawar karɓa. Idan ta yi aikin shekara ko fiye a wata ƙasa, irin su Katar ko Kuwait ko Hong Kong, ana neman takardar 'yan sanda daga can ma, shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka yana da bayanin kowace ƙasa da yadda ake samu da inda aka yafe.

In USCIS ta amince fayil zai koma NVC, cibiyar biza da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, su turo lambar fayil, ku shiga CEAC, shafin intanet na neman biza, ku biya dala 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi. Ita ta cike DS-260, fom ɗin neman bizar, kai ka cike I-864, takardar ɗaukar nauyin. Wannan I-864 ka karanta shi da kyau kafin ka sa hannu, alkawari ne tsakaninka da gwamnati cewa za ka riƙe ta, kuma ko kun rabu bai faɗi ba, sai ta zama 'yar ƙasa ko ta tara aikin kusan shekara 10 ko ta bar ƙasar gaba ɗaya. Samunka dole ya kai kashi 125 cikin ɗari na layin talauci, a 2025 gidan mutum biyu wajen dala 26,400 ke nan, kuma kowane yaro da kake ɗauke da shi yana ƙara adadin. Masu tuƙin Uber da tasi ku kula, abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe a takardar haraji shi ake kallo, in ka saba rage samu don haraji ya yi sauƙi to yau zai kama ka. In bai kai ba ka nemi wanda zai tsaya tare da kai, ɗan ƙasa ko mai girin kad, ba lallai ɗan uwa ba. Idan kuma kai kanka a waje kake zaune sai ka nuna kana da mazauni a Amurka ko kana shirin komawa tare da ita.

Da an ba da ranar intabiyu sai gwajin asibiti, wanda a Manila ake yi a asibitin St. Luke's reshen Ermita, ba likitan da ta ga dama ba. Jini, allurar rigakafi, hoton ƙirji. Tarin fuka yana da yawa a ƙasar, shi ya sa in aka ga ɗan tabo a hoton, ko tsohon tabo ne tun yarinta, za a ce ta zo da sassafe kwana uku a jere ta ba da majina, a jira wajen sati 8 a ga sakamako, in an samu cutar sai ta sha magani wata 6 a gaban ma'aikata. Wallahi wannan yana karya zuciya, ga biza kamar a hannu, amma ba hana ta aka yi ba, jinkiri ne, kuma lafiyarta ce. Saboda wannan kar ta ajiye aiki, kar ka sayi tikiti, sai fasfo ya dawo da biza a ciki.

Intabiyun a ofishin jakadancin Amurka ne da ke titin Roxas a Manila, ta je da ainihin takardu, ba sai kana wurin ba. Tambayoyin ba masu wuya ba ne ga wadda auren gaske ta yi, ina kuka haɗu, me yake yi, sau nawa ya zo, ya taɓa aure, yaransa nawa, wa ya halarci biki. Abin da nake roƙo ka gaya mata komai naka tun da wuri, sunan garinku, sunan mahaifiyarka, yaran da ke gida, bai kamata ta fara jin labarin tsohuwar matarka daga bakin jami'i ta bayan gilashi ba. Bambancin addini ko na shekaru ko launin fata ba laifi ba ne, ta amsa gaskiya, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. In aka miƙo mata takardar 221(g) yawanci wani abu ne ya rage, a karanta a kai musu shi.

Bayan biza ta fito saura abu biyu da ake mantawa. Na ɗaya dala 235 na USCIS don a buga mata girin kad. Na biyu na gwamnatin Filifin ne, hukumar CFO mai kula da 'yan ƙasa mazauna waje, duk wadda ta auri baƙo za ta yi ƙaura sai ta halarci zaman wayar da kai an ba ta satifiket, in babu jami'an filin jirgi za su maido ta da akwatunanta. Za su tambaye ta game da kai, su gaya mata haƙƙinta da inda za ta kai kuka in an cuce ta, kar ranka ya ɓaci, mata da yawa sun sha wuya a hannun mazan da suka kai su nesa da gida, don su aka yi. Bizar kanta yawanci wata 6 take daga ranar gwajin asibiti, dole ta shiga kafin ta ƙare.

Ranar da ta shiga Amurka ita ce ke yanke irin katin da za ta samu. In aurenku ya cika shekara 2 a ranar, katin shekara 10 ne. In bai cika ba na shekara 2 ne mai sharaɗi, sai ku cike I-751, fom ɗin cire sharaɗin, tare a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya mutu, da sabuwar hujjar zaman tare, haya da sunanku biyu, asusun banki ɗaya, harajin da kuka biya tare, takardar haihuwar yaro in Allah ya bayar. Idan saura sati biyu ko uku ku cika shekara 2 kuma bizar tana da sauran kwana, ku ɗan daga tafiyar ta shiga bayan ranar, kun huta da wannan fom ɗin da kuɗinsa dala 750.