Sabon siminti na kashe kifi: kurakuran masu sabon tafki a gida

Na gaji da jin magana ɗaya: "Malam, shekaranjiya na zuba 'ya'yan tarwaɗa, yau duk sun taso ciki sama." In na tambaya yaushe birkila ya gama shafe, sai a ce makon jiya. To, ba mai sayar da kifin ne ya cuce ka ba, siminti ne.

Sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, sai pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya haura 10, wani lokaci har 11, alhali kifi tsakanin 6.5 da 8.5 yake sakewa. Kada tazarar ta yi maka kama da ƙarama, kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Ni ma gaggawa ta ci ni a tafkina na farko. Kwana biyar da gama gini na zuba kifi, washegari na tarar suna haki a saman ruwa, jikinsu ya yi fari-fari da yauƙi. Da kwando na kwashe su, har yau ina jin ciwon abin. Yanzu ina cika tafki, in goge bango da buroshi, in bar ruwan kwana huɗu, in zubar, in sake, har mako uku ko huɗu. Wasu suna jefa kututturen ayaba ko buhun taki. Ban hana ba, amma ni sai takardar gwajin pH ta nuna ƙasa da 8.5 kwana uku a jere, sannan in saka kifi goma su kwana biyu tukuna.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi. Mutum ya ga pH ya kai 9, ya firgita, don ya saukar da shi ya antaya khal, ko alif, wani ma ruwan batir! Haba jama'a! Lambar za ta faɗi yau, gobe bango ya maido da ita, kuma wannan hawa da saukar ya fi kashe kifi fiye da ruwan da ya tsaya a 8.5. In kifi na ciki, sauya kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kullum, ka rage abinci sosai. Dalili kuwa, amoniya, dattin da kifi ke fitarwa in ya ci abinci, a pH 7 ɓangarenta mai guba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a 9 kuwa, da zafin ƙasarmu, ya wuce sulusi.

Toka da farar ƙasa da ka ga ana barbaɗawa a tafkin ƙasa, ɗaga pH suke yi, kada su kusanci naka. Duwatsun ado, ɗiga musu khal, wanda ya yi kumfa ka jefar, don shi ma ɗaga pH yake yi.

Auna ruwan burtsatsenka shi kaɗai a bokiti, musamman a wajajen Kalambaina ko Ashaka masu dutsen siminti. Kuma awo sau ɗaya bai isa ba: in ruwa ya yi kore, gansakuka kan ɗaga lambar da la'asar, ta sauka da asuba. Ni lokutan nan biyu nake aunawa, in rufe rabin tafkin da zana.