Yadda Ake Samun Amintaccen Mai Gyaran Firiji, Fanka da Sauran Kayan Wuta na Gida

Kafin ka nemi kowa, fara duba abin da ba ya bukatar mai gyara. Jona wani abu a soket ɗin ka ga ko yana kawo wuta. Buɗe fulogin ka duba fis, wanda a yawancin fulogi masu ƙafa uku na amfiya 13 ne. Sannan ka lura da ƙarfin wutar unguwa. Kayan da ake sayarwa a Najeriya da Nijar an ƙera su ne don wutar bolt 220 zuwa 240, kuma idan ta yi ƙasa sosai firiji zai yi ta gurnani bai tashi ba alhali lafiyarsa ƙalau. Gwada shi da janareto mai ƙarfi ko da satabilaiza. Da yawa an biya kuɗin gyaran abin da wutar NEPA ce kawai ta gaza ɗauka.

Idan matsalar ta wuce nan, nemo rasit. Yawancin sababbin kaya suna zuwa da garanti na aƙalla shekara guda, kuma da zarar wani ya kwance bayan na'urar, garantin ya faɗi. Manyan kamfanoni irin su LG da Hisense da Haier Thermocool suna da wuraren gyara a manyan birane, dillalin da ya sayar maka zai nuna maka na kusa. Sai garanti ya ƙare, ko kayan na hannu ne, ake komawa ga mai gyaran unguwa.

Wa za ka tambaya

Maƙwabci zai iya ba ka sunan wani, amma shi sau ɗaya a shekara yake kiran mai gyara. Tambayi waɗanda abincinsu ya dogara da na'urar. In firiji ne ko firiza, je wurin mai sayar da ƙanƙara, ko mai kifin sanyi, ko matar da ke sana'ar zoɓo da kunun aya. Wanda ke da firiza biyar a shago ya riga ya gwada masu gyara da dama, ya san na riƙewa. In na'urar sanyaya ɗaki ce, tambayi mai kula da otal ko masallacin Juma'a. Masu sayar da kayan gyara a kasuwa, kamar na Sabon Gari a Kano, su ma sun san kowa: sun san mai sayen kaya na asali, sun san mai neman mafi araha ya je ya ce wa mai kaya sabo ne. Kada ka tsaya a tambayar ko ya iya aiki. Tambayi yaushe ya yi gyaran, da ko abin ya sake lalacewa, da yadda ya yi da aka koma masa. Amsar ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi.

Samo suna biyu ko uku, kuma kowane fanni da mai shi. Mai naɗin kwail ɗin fanka daban, mai talabijin daban, mai firiji da sanyi daban. Wanda ya ce babu abin da ba ya gyarawa, daga rediyo har injin wanki, a yi taka-tsantsan da shi.

Je ka ga shagonsa da idonka. Mai shago tsayayye ya fi mai yawo da jaka a babur, domin ka san inda za ka same shi gobe. Duba kayan aikin. Mai firiji na gaske yana da mitar awon wuta, da agogon awon gas mai tiyo, da injin zuƙe iska daga bututu, da kayan walda. Duba kuma kayan mutane da ke ajiye. Tarin firiji da ƙura ta rufe, an cire wa wannan murfi an cire wa wancan kwamfiresa (injin da ke bayan firiji mai tura gas), yana nufin ana ciro kayan wani a saka wa wani, kuma naka ma zai iya shiga layi. Tambayi wanda zai yi aikin, ogan ne ko yaransa. Ba laifi yaro ya kama aiki, amma gano cutar na oga ne.

Gwajin da ke raba gwani da ɗan cuwa-cuwa

A nan ake gane mutum, kafin a yi maganar kuɗi. Faɗa masa abin da ka gani da abin da ka ji, kada ka faɗa masa abin da kake zato, sai ka zuba ido.

Idan ya taɓa bayan firiji ya ce "Alhaji, gas ne ya ƙare," tambaye shi ta ina ya fita. Gas ɗin firiji ba kamar man janareto ba ne da ke ƙonewa. A rufaffen bututu yake zagayawa shekara da shekaru, in ya ragu to akwai yoyo. Mai gyara na ƙwarai zai matsa iska a bututun, ya bi mahaɗai da kumfar sabulu har ya ga inda take ɓulɓulowa, ya yi walda, ya canza ɗan matacin da ke tsotse danshi, ya zuƙe iska, sannan ya zuba gas. Wanda ya zuba kawai ya tafi, bayan makonni kaɗan za ka sake kiransa. Sau da yawa hujin daga gida yake, wurin fasa ƙanƙara da wuƙa.

Irin gas ɗin ma abin dubawa ne. Akwai takarda manne a baya ko cikin firijin da ke nuna nau'insa da nauyinsa a giram. Yawancin tsofaffi na R134a ne, sababbi da yawa kuma R600a, wanda yake kama wuta, kuma ɗan kaɗan ake zubawa, galibi ƙasa da giram 100. Ba a musanya ɗaya da ɗaya, domin kwamfiresa da man cikinta an yi su ne don nau'i guda. Ka ce ya nuna maka gwangwanin da zai zuba.

Hukunci na biyu da ake saurin yankewa shi ne "kwamfiresa ta ƙone," kuma ita ce mafi tsada a jikin firiji. Idan kana jin gurnani na 'yan daƙiƙu sai ƙas, shiru, bayan mintuna ya sake, sau da yawa ɗan rile ne, wato abin da ke tayar da kwamfiresa, da ke maƙale a gefenta ya mutu. Abu ne ƙarami mai araha, in aka ciro shi aka girgiza aka ji yana kaɗawa kamar tsakuwa a ciki, ya fashe. Gwani zai fara da shi. Sannan ya ɗora mita a kan ƙafafu ukun kwamfiresar da ake jona wa wuta: awo biyu ƙanana in aka haɗa su ya kamata su ba da na ukun, kuma bai kamata wata ƙafa ta nuna haɗuwa da jikin ƙarfen ba. Aikin minti biyar ne, a gabanka zai yi. Haka firiji marar tara ƙanƙara da samansa ke sanyi ƙasa ba ya yi, yawanci ƙaramar fankar ciki ce ko abin narkar da ƙanƙara, ba gas ba.

Sauran kayan ma kowanne da irin tasa. Fankar sama da ta rage gudu, kafasita, wato ɗan abin da ke taimaka wa injin fanka tashi da juyawa, ita ce ake fara canzawa, galibi mai lamba 2.5, ba naɗin kwail ba. In ta kai ga naɗi, a yi da wayar tagulla, ta alminiyam tana saurin zafi. Talabijin mai fitar da murya ba hoto, haska allon da tocila, in ka hango hoton dishi-dishi to fitilun baya ne suka mutu, allon yana nan. Na'urar sanyaya ɗaki bayan hunturu wanki take fara bukata, ƙura ce ta toshe ta.

Ciniki

A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kowanne daban. In da hali ku je kasuwa tare, ko ya rubuta maka lambar kayan ka sayo da kanka. A faɗa tun farko ko sabo ne ko tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. Kwamfiresar tokumbo mai lafiya tana iya aiki, laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin sabuwa. Ka ce duk abin da aka cire a dawo maka da shi. Kafin a kwance komai ɗauki hoton bayan na'urar da lambar da ke jikin kwamfiresa ko allon wuta, in za a tafi da ita shago.

Ba da kuɗin kaya a matsayin kafin alƙalami, ka riƙe na aiki sai an gwada. Ku yanka ranar karɓa. Ku kuma yi magana a kan tsawon lokacin da zai tsaya wa aikinsa, wata ɗaya ko uku, a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan kuɗin gyaran ya doshi rabin kuɗin sabo, kuma na'urar ta tsufa, gara a sayar da ita yadda take a cika a sayi wata.

Gwaji kuma ba na minti goma ba ne. Firijin da aka kwanto a Keke Napep a tsayar da shi awoyi kafin a jona, don man kwamfiresa ya koma mazauninsa. Bayan an kunna, a bar shi ya kwana da gorar ruwa a firiza. Ya kamata ta daskare, kuma kwamfiresa ta riƙa tsayawa da kanta tana tashi. Wadda ke aiki ba hutu, ko dai gas bai yi daidai ba, ko an tsallake abin daidaita sanyi an haɗa waya kai tsaye, dabarar da ke sa firiji sanyi yau ya kashe kwamfiresa nan gaba. Tambaye shi kuma me ya jawo lalacewar. In wuta ce, sayi satabilaiza mai jinkirta kunnawa na minti uku zuwa biyar bayan an kawo wuta.

Idan aiki ya ɓaci, koma masa da rasit da hotunan, cikin lalama. In ya ƙi, kai magana ga wanda ya haɗa ku, sannan shugaban ƙungiyar masu gyara ko na kasuwar, waɗanda kan sasanta irin wannan cikin kwanaki. Rikici da kamfani ko dillali kan garanti kuwa, a Najeriya ana kai shi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tare da rasit da katin garanti.