Yadda Za A Yanke Shawarar Sanya Ribon A Bargon Mai Fama Da Sankarar Mama

Kafin ku ɗinka ribon (ɗan siririn ƙyalle) mai ruwan hoda a bargon da za ku bayar kyauta, ku fara tambayar wadda za a bai wa, ko wani na kusa da ita idan kuna son kyautar ta zo mata ba zato. Tun farkon shekarun 1990 wannan alama take wakiltar wayar da kai kan sankarar mama, amma ba kowace mara lafiya ce take son ganinta ba. Wata tana samun ƙarfin gwiwa daga gare ta, wata kuwa, musamman wadda cutar ta bazu a jikinta, ba ta son abin da zai riƙa tuna mata da ciwon a duk lokacin da ta lulluɓa domin ta huta.

Idan ba a samu amsa ba, a ganina rashin sanya ribon ɗin ya fi, sai a zaɓi launukan da ta saba so. Idan kuma ya zama dole, a sanya ƙarami guda a bayan bargon.

A yi amfani da yadin auduga mai laushi, a wanke shi da sabulu marar ƙamshi, domin maganin sankara yakan sa fata saurin jin zafi, ƙamshi kuma ya tayar da zuciya.