Matakan Zuwa Lesotho Ga Wanda Bai Taɓa Zuwa Ba

Da farko ka gama da maganar biza, ta Lesotho da ta Afirka ta Kudu, don Lesotho tana cikin Afirka ta Kudu ne, ta kewaye ta ko'ina, jirgi ma daga Johannesburg zaka kama zuwa Maseru, babban birnin Lesotho.

Na biyu kayan sanyi. Wallahi kar ka raina wannan, daga Yuni zuwa Agusta har ƙanƙara take sauka a kan duwatsu, rigar hunturun gida ba abin da zata maka, in ka isa ka sayi bargon Basotho, wato mutanen ƙasar, ka yafa kamar yadda suke yi.

Sai kuɗi, Rand na Afirka ta Kudu yana aiki daidai da kuɗinsu Loti, amma ka kashe Lotin kafin ka fito.

In ta Sani Pass zaka hau, wato hanyar kan duwatsu da ta shiga Lesotho daga Afirka ta Kudu, sai mota 4x4 da direban da ya san hanya. Kuma banda tafiyar dare.