Kurakuran da aka fi yi wajen adana bayanan tsofaffi a gidajen kula da su a Ingila

Tun daga Fabrairun 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje bizar aikin kula da tsofaffi, har zuwa Yulin 2025 da ta daina karɓar sabbin masu nemanta daga waje, 'yan Najeriya da yawa suka shiga wannan sana'a. Aiki ne na shiga da fita. Alƙaluman Skills for Care, cibiyar da ke tattara bayanan ma'aikatan wannan fanni a Ingila, na 'yan shekarun nan sun nuna kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ne ke barin wurinsa a shekara, kuma kowa da abin da ya sani yake tafiya.

Babban kuskure shi ne a riƙa rubuta rahoto don sufetocin CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi, ba don wanda zai karɓi aiki da dare ba. Sai ka buɗe fayil ka tarar: "Ta ci abinci, ta yi barci, lafiya lau." Kullum haka, wata guda cur. Alhali mai kula da ita ta san tsohuwar ba ta shan ruwa sai a kofinta, kuma in ta fara jan rigarta to fitsari ne ya matse ta. Wannan ne ya kamata ya shiga takarda. A rubuta abin da ya canza: jiya ta cinye, yau rabi ta ci, ta fi yin shiru. Ga tsoho, ruɗewa ta farat ɗaya na iya zama alamar cutar mafitsara ko ta ƙirji, kuma wanda bai san yadda take ranar da take lafiya ba, ba zai gane ta canza ba.

Sai miƙa aiki a tsaye, ana sauri a kama bas. Gyaran ba wuya. Akwai tsarin SBAR da asibitoci ke amfani da shi: me ke faruwa, me ya gabata, me ka gani, me kake so a yi. A ware masa lokaci cikin awannin da ake biya. In ba haka ba, ba wanda zai tsaya.

Wani kuskuren da ya fi ci min rai shi ne ɗaukar iyali a matsayin baƙi masu zuwa gaisuwa. 'Yar da ta shekara biyar tana jinyar mahaifinta mai ciwon mantuwa ta fi kowace kwamfuta saninsa. Ƙungiyar Alzheimer's Society tana da wata gajeriyar takarda mai suna This is me, inda ake rubuta sunan da mutum yake son a kira shi da shi, sana'arsa ta da, abin da ke tsorata shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Dattijon da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba yana neman takalmi, wataƙila gidan burodi ya yi wa aiki. Ba maganin barci yake buƙata ba. A cika takardar tare da iyali a makon farko, a kuma riƙa sabunta ta.

Kaurin abinci ma ana sakaci da shi. Cewa "a dama masa da ɗan kauri" ba bayani ba ne ga mai wahalar haɗiya. IDDSI, ma'aunin kaurin abinci da abin sha na ƙasa da ƙasa, yana da matakai daga 0 zuwa 7. A rubuta lambar, kicin da ɗaki su san abu guda.

Sayen manhajar adana bayanai kuwa ba ya warkar da komai in ma'aikacin wucin gadi da aka turo daren nan ba shi da lambar shiga.

In za a kai tsoho asibiti, nan ne bayani ya fi zubewa. A Sutton da ke kudancin Landan aka fara tsarin jar jaka a 2015: takardun lafiyarsa, jerin magunguna, tabarau, haƙoran roba da na'urar ji duk a jaka guda, ta bi shi asibiti ta dawo da shi tare da takardar sallama. Ranar da ya dawo, a zauna a gwada tsohon jerin magunguna da sabon kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya, domin asibiti kan cire wani ta ƙara wani.